Ranar da Anka Haska Cikin Jibo a Bango

Jibo maƙwabcina ne kuma taubashina. Uwarsa da ubana ciki ɗaya sunka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ni ƙara. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Hillat Abdussalami, yamma da Hasahisa. Katangar ma gajera ce, daga tsaye nake sanin miyar da matarsa Hadizatu ta kaɗa.

Aikinsa ruwa. Tun bai kai ƙugun ubansa Baba Mahadi ba yake binsa cikin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, suna yanke ciyawar da ke toshe ruwa don ya samu ya isa hawasha, wato gonakin mutane. A ciki ya girma, a ciki ya yi furfura. Ƙafafunsa daga gwiwa zuwa ƙasa sun koɗe kamar rogon da anka jiƙa. In yana cikin ruwa babu namiji kamarsa. Na taɓa ganin ya damƙo maciji ta wuya ya wurga shi tudu, bai ko katse hirar da muke yi ba. Amma da ya tako ƙasa ya zama wani mutum. Duk abin da ke cin wuta Jibo na tsoronsa. Da anka kawo mana lantarki, a tsakar gida ya dinga kwana har sanyi ya kora shi ɗaki. Wayar da ɗansu Bilyamin ya aiko daga Bur Sudan cikin gwangwanin madara take zaune, a ɗakin awaki. In ta yi ƙara Hadizatu ke ɗauka, shi kuwa ya tsaya daga bakin ƙofa yana ɗaga murya, "Ce masa lafiya lau nake."

Tsoron nan yana da tushe, ko da yake ni ban fasa yi masa dariya ba. Baba Mahadi jini ya yi amai. Anka ɗora shi a lori zuwa Madani, anka ɗauki hoton cikinsa, anka dawo mana da shi a naɗe cikin tabarma. Bayan wasu shekaru yayan Jibo, Ibrahim, ya bi hanyar nan sak: aman jini, lori, hoto, tabarma. Likitoci sun ce bilharziya ce, tsutsar ruwan tur'a, wadda mu muke ce wa tsargiya. Mu dai a garinmu yaro in bai yi fitsarin ja ba ai bai fara girma ba, don haka maganar ba ta shiga kunnen kowa ba. Jibo kuwa ya yanke nasa hukuncin: hoton ne ya kashe su.

Ana gama zaman makokin Ibrahim ya tafi wurin Faki Usmanu ya karɓo rubutu, ya wanke allon ya sha. Daga nan kowace Juma'a sai ya sha. Yakan ce da ni, "Ayoyin nan sun naɗe mini hanta kamar yadda ake naɗe tiyon da ya tsage da roba. Muddin ido bai gan su ba, ina nan." Faki bai taɓa gaya masa zancen ido ba. Shi ya ƙara abinsa, kuma ya fi riƙe ƙarin da asalin.

To, shekarar da wannan abu ya faru, cikin Jibo ya fara fitowa. Wuyansa na ƙanƙancewa, ciki na gaba. Ya je Hasahisa ya ɗinko jallabiya mai faɗin da mutum biyu za su shiga, yana ce wa mutane hutu ne ya karɓe shi. Wane hutu, mutumin da ke wuni cikin laka.

Nakan leƙo ta katanga in ce, "Taubashi, wata nawa ne? Ka faɗa da wuri mu nemi rago."

Ya ce, "Hassada ce, Mati. Kai yunwa ta manne maka naka da baya."

Wata safiya, bayan an ɗebe dawa, na leƙa zan roƙi garwashin dafa jabana, gahawarmu ta safe. Na hango shi a durƙushe bayan ɗakin awaki yana tura yashi da hannu biyu, da sauri, kamar kyanwa. Bai gama rufewa ba na gani. Jini ne, baƙi-baƙi, da gudaji. Irinsa na gani a ƙofar ɗakin Ibrahim.

Ya ɗago ya gan ni. Leɓensa fari.

"Mati, rantse ba za ka gaya wa Hadizatu ba."

Na rantse. Daga nan ban ko koma ɗaki ba na nufi shafahana, ƙaramin ɗakin shan maganin garinmu, wurin Najwa. Ai Najwa ba Hadizatu ba ce.

Najwa ɗiyar marigayi Ibrahim ce, tana ƙarama ubanta ya rasu. Ta yi karatun aikin lafiya a Madani ta dawo gida, ita ke yi mana allura, ita ke zagin mu in mun bar magani a rabi. Da na gaya mata, ta ajiye abin da ke hannunta ta zauna. Bayan la'asar ta iske mu a tsakar gidan Jibo, yana kishingiɗe a angare, gadonsa na igiya, Hadizatu na can gefe tana yin kisra, wainarmu ta dawa mai faɗi.

Ta gaishe shi, ta durƙusa kusa da kansa, ta yi ƙasa da murya. "Baffa, akwai mu'utamar a Madani makon gobe. Taron likitoci ne da masu ƙera na'urori. Sun zo da wani abu kamar sabulun wanka, ana haɗa shi da waya a ɗora a ciki, a ga hanta a ga saifa, likitan da ke Khartum ma ya gani nan take. Sun ce mu zo da masu aikin tur'a, wanda ya yarda. Likitan hantar da za ka yi watanni kana bin layi ba ka gan shi ba, ranar yana zaune yana jiranka. In abin ya yi kyau ma, irin shafahanarmu za a ba, ba sai an ɗora kowa a lori ba."

Ni ma na kawo nawa dalilan. Na ce irin wannan taro fatta, burodi jiƙe da romo, ake ci da nama har a bari. Akwai ruwan sanyi, akwai kujera mai laushi, na ji ma jaka ake rabawa kyauta. Na ce, "Ko mutuwa za ka yi, Taubashi, ka mutu a ƙoshe."

Bai yi dariya ba. Najwa yake kallo.

"Ina ake ganin cikin?"

"A waya. Amma ranar za su haska a bango don na cikin zaure su gani."

"A bango." Ya tashi zaune da ƙyar. "Ayoyin Allah a bango, gaban mai alwala da marar alwala. Ido ɗaya ya isa ya karya su, ke kina zancen zaure. Najwa, ubanki ma haska shi anka yi."

"Baffa, ranar da anka kai Abbana jininsa ya riga ya ƙare. Ba hoto ba ne."

"Kina goye a lokacin, mi kinka sani?"

Ni kaina na rasa wanne ya fi ban tsoro, ya je ko ya zauna. In Najwa ce da gaskiya, zama zai kashe shi. In shi ne da gaskiya, mu za mu kai shi da hannunmu.

Sai Hadizatu ta ɗaga kisra daga wuta, ta ninke, ta ajiye, ta goge hannu a zani. Ba ta ko juyo ba.

"Malam, ni ke wanke rigunanka. Na ga na farko tun da damina, na ga na yau." Ta juyo. "Kar ka je. Ni zan je. Ni ma na yi wanki a tur'a. In hau gadonsu in kwanta, in yaye zanena, maza cike da zaure su kalli cikin matar Jibo."

"Ke Hadizatu."

"Najwa, rubuta ni."

Ya dube ni kamar zan cece shi. Na ce ni dai in ita za ta je, kujerar gaba zan nema. Ya jawo takalminsa ya jefe ni, bai same ni ba. Ya koma ya kwanta ya juya mana baya. Can ya ce da bango, "Zan je."

Amma Jibo bai shirya tafiya irin ta mai zuwa taro ba. Ya buɗe akwatin ubansa ya ɗauko likkafanin da kakansu ya wanko da ruwan Zamzam, ya ninke ya sa a jaka. Sannan ya shiga gari gida-gida yana neman gafara, yadda muke yi in mutum zai yi tafiyar da bai tabbata zai dawo ba. Wanda ya taɓa zagi, wanda ya taɓa karkatar wa ruwa, har wanda bai taɓa yi wa komai ba. Wasu sunka ɗauka Hajji zai tafi, sunka fara ba shi saƙon addu'a. Da sunka ji Madani ce, mata sunka kama kuka. Iya Mairama, tsohuwar da ke ƙarshen layinmu, ta riƙe masa hannu ta ce, "In ka iske Malam can, ka ce masa rufin ɗakin da ya yi ya zube." Malam ɗin, mijinta, ya rasu tun ina saurayi. Jibo ya ce to, zai faɗa.

A bas ya damƙe mini gwiwa tun daga Hasahisa, leɓensa na motsi. Duk ramin da munka faɗa sai in dubi bakinsa ko jini zai fito. Da munka hango Madani ya sunkuyo kunnena.

"Mati, ka tsaya jikin bangon. Ka warware rawaninka ka riƙe. In ka ga rubutu ya fito, ko alif ɗaya, ka rufe."

"Rawanina zai rufe bango?"

"Ka rufe inda ya fito."

Na ce to. Ban yi masa ba'a ba, ni ma na yi mamakin kaina.

A ƙofar zauren mai gadi ya ce a buɗe jaka. Ya zura hannu ya jawo farin ƙyalle, ƙamshin turaren gawa ya tashi. Ya sake shi kamar ya taɓa wuta, ya ce, "Inna lillahi, wa ya rasu?" Jibo ya ce, "Tukuna." Najwa ta ja shi ciki.

Sanyin wurin irin wanda ke shiga ƙashi ne. Ko'ina allon haske, ko'ina igiyoyi a ƙasa kamar macizai. Ga wani da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, ga wata tana nuna yadda ungozomar ƙauye za ta aika wa likita saƙo kafin mai naƙuda ta galabaita. Mutane na yawo da kati rataye a wuya suna shan shayi suna dariya. Jibo na tafiya yana ɗaga ƙafa sama-sama don kar ya taka igiya, haƙoransa na haɗuwa. Ina jin ƙararsu.

Anka kira mu gaba. Gado ne siriri a kan dandamali, bayansa farin bango. Likitan da zai duba shi, Duktur Muzammil, dogo ne mai furfura a gemu. Ya gaishe shi da Larabci, ya ce ya kwanta ya ɗaga riga. Jibo da ke cinikin awaki da Larabci a kasuwar Hasahisa, ranar ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Da Hausa ya ce wa Najwa, "Tambaye shi yana da alwala?"

Najwa ta rufe ido. "Baffa."

"Tambaye shi."

Ta tambaya, ta ƙara masa da bayani a hankali. Wasu a kujerun gaba sunka yi dariya. Likitan ya dubi Jibo, ya dubi hannayen da sunka ƙanƙame bakin jallabiya. Ya ajiye na'urar ya fita. Da ya dawo gemunsa na ɗiga.

Jibo ya kwanta. Da ya ɗaga rigar, dariyar ta tsaya. Ni ma ban taɓa ganin cikin a fili ba. Ya kumbura yana ƙyalli, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa sun kewaye cibiya. Anka shafa masa wani mai sanyi, ya yi kalmar shahada da ƙarfi ya runtse ido. Na je jikin bango na tsaya da rawanina a hannu, kaina a buɗe gaban jama'a.

Bangon ya yi duhu, sannan ya kawo wani abu toka-toka yana motsi, kamar ruwan tur'a in an buɗe shi bayan ruwan sama. Na baza ido. Likita na zagayawa da abin, hoton na juyawa. Sai ga wasu fararen layuka masu kauri sun bayyana, wani a miƙe, wani a lanƙwashe kamar harafin lam. Na ɗaga rawani na danna a kai, haske ya hau bayan hannuna.

Najwa ta zo ta kama mini hannu. "Kawu Mati, sauke. Ba rubutu ba ne. Hanyoyin jinin hantarsa ne sunka ƙandare, aikin tsutsar ke nan."

Na sauke. Na ƙara dubawa da kyau. Ba lam ba ce, ba komai ba ce.

Jibo, idonsa a rufe, ya ce, "Mati, ka ga rubutu?"

"Babu."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo babu, Taubashi."

Na zaci zai yi ajiyar zuciya. Sai ya buɗe ido, ya karkato kai ya dubi bangon da kansa. Ya daɗe yana kallo. Muryarsa da ta fito kamar ta yaro.

"To mi ke riƙe da ni?"

Najwa ba ta fassara wannan ba, kuma babu wanda ya nemi ta fassara.

Wani allon ya kama a gefe, fuskar wata likita ta fito daga Khartum, tana ganin abin da muke gani. Ta sa anka matsa da na'urar hagu, saifa ta cika bango. Ta tambayi yaushe ya yi aman jini na ƙarshe, sau nawa, mi launinsa. Najwa ta amsa. Likitocin biyu sunka yi maganarsu da sauri, ni kalma ɗaya na kama: yau. Duktur Muzammil ya goge wa Jibo ciki da kansa, ya sauke masa riga, ya zauna a bakin gadon ya yi masa bayani da Larabcin kasuwa. Jini ya kasa wucewa ta hanta, ya nemi hanya ta jijiyoyin maƙogwaro, su kuma sun cika sun kusa fashewa. Aman jinin da ya gabata yayyafi ne. Za a zura masa minzar ta baki, wani siririn bututu mai ido, a ɗaure jijiyoyin da 'yan robobi. Ba zai koma gida ba.

"A wane asibiti?" in ji Jibo. Larabcinsa ya dawo.

Aka faɗa masa. Wanda anka kai ubansa da yayansa ne.

Na san da ƙafafunsa za su ɗauke shi da ya gudu. Sun ƙi. A keken marasa lafiya anka fitar da shi, munka wuce ta gaban teburan abinci, ga fattar nan da naman kamar yadda na faɗa. Ban ko tsaya ba.

A barandar asibiti na zauna da jakarsa a cinyata. Na ƙi ajiye ta a ƙasa, na kuma ƙi kallon ta. Duk ƙofar da ta buɗe sai na miƙe. Najwa na kai da komo, tana karanta abin da ta iya. Wajen la'asar sai ga Hadizatu, a lorin tumatir ta zo, tob ɗinta, mayafin da ta naɗa, duk ƙura. Ta karɓe jakar daga hannuna ta zauna a kanta.

Da anka fito da shi idonsa a rufe, bakinsa a sake, miyau na zuba. Na tsaya ina kallon ƙirjinsa har na tabbatar yana hawa yana sauka. Can ya motsa, ya buɗe ido, ya gan ni a kansa. Murya a shaƙe ya ce, "Mati, na mutu?"

"In ka mutu ni za ka fara gani? Aikinka bai yi muni haka ba."

Ya so ya yi dariya, maƙogwaro ya hana. Hadizatu ta juya mana baya ta rufe fuska da tob.

Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce hantar ba za ta koma yadda take ba. An ɗaure waɗanda sunka fi haɗari, akwai saura, sai an dawo an ƙara. Ya ba shi maganin tsutsar, da wata 'yar ƙwaya da zai dinga sha kullum. Sannan ya ce shi da ruwan tur'a halas, sun rabu, ko ƙafa kar ya tsoma. Duk abin da anka yi masa Jibo bai yi hawaye ba sai a wannan.

Yanzu a bakin tur'a yake wuni, a ƙarƙashin bishiyar maina, yana kallon waɗanda sunka gaje shi yana faɗa musu ba haka ake riƙe lauje ba. Ƙwayar tana aljihunsa, ranar Juma'a kuma yana nan wurin Faki Usmanu, ya ce ba zai saki ko ɗaya ba tunda bai san wanne ke aiki ba. Jinin bai dawo ba har yau da nake wannan rubutu. An ce ya koma Madani in an yanke alkama. Alkamar ta fara ja, shi kuma ya fara rage cin abinci, yana tambayata ko na ji labarin hanya ta lalace. Na ce masa hanya lafiya lau take, kuma ni zan kai shi.